Shin da Gaske Ɗan Giwa Yakan Yi Abota da Yaro Kamar a Fim Ɗin Sri Lanka?

Tambaya: Wata malamar firamare, uwar yara, ta aiko cewa: "Assalamu alaikum. Yarana sun ci karo da wani fim na yara na ƙasar Sri Lanka, a harshen Sinhala, da fassara a rubuce a ƙasa. Labarin wani yaro ne ɗan ƙauye da ya yi abota da ɗan giwa, suna wanka a rafi tare, yana ba shi ayaba, har manya suka taso za su raba su. Ƙaramin nawa ya sha kuka, babban kuma ya tsare ni da tambaya: wai da gaske giwa takan so mutum haka? Kuma me ya sa manoman cikin fim ɗin suke da mugunta? Ina son in ba su amsa ta gaskiya, in kuma san ko ya dace su ci gaba da kallo."

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya raya miki su, ya yi musu albarka. Ki bar su su kalla, in da hali ma ki zauna ku kalla tare. Yaron da ya zubar da hawaye saboda dabba yana da irin zuciyar da ake nema. Amma tambayoyin babban naki biyu ne, kowace da amsarta. E, ɗan giwa yakan shaƙu da mutum shaƙuwa mai tsanani, sai dai abin da ke jawo shaƙuwar abin tausayi ne, kuma fim ba ya cika tsayawa a kansa. Manoman kuwa ba mugaye ba ne, kuma zan so yaranki su tashi daga gaban talabijin ba su tsani talakan da ke gadin shinkafarsa ba.

Mu fara da ɗan giwar kansa. Uwarsa takan ɗauki cikinsa kusan wata 22, babu dabba mai shayarwa da ta kai ta daɗewa da ciki. Ta haife shi da nauyin kilo kusan 100, cikin sa'a ɗaya ko biyu ya miƙe, ya kama nono da baki, don hancin nan da yake zama musu hannu bai iya sarrafa shi ba tukuna. Sai ya yi watanni yana wurgi da shi, wani lokaci har ya taka shi, kafin ya iya tsinkar ciyawa ko zuƙar ruwa. Yakan sha nono shekara biyu zuwa uku, wani ya zarce, kuma a duk tsawon lokacin nan ba ya nisa da uwar fiye da 'yan taku. Ba ita kaɗai ke renonsa ba, yayyensa mata da 'yan'uwan uwarsa duk suna kewaye da shi. In garke ya ji motsin da bai yarda da shi ba, nan take manyan sukan yi da'ira su sa ƙanana a tsakiya, sai dai ki hango 'yan ƙafafunsu ta ƙarƙashin cikin iyayen. Hatta abin da zai narkar masa da ciyawa a wurinsu yake samu, don yakan ɗan ci kashin manya, ta nan ƙwayoyin halittar da hanjinsa ke buƙata suke shiga cikinsa.

To ki riƙe wannan, sannan ki tuna fitowar da yaro ya tarar da ɗan giwa shi kaɗai a bakin daji. Ruwa ba ya tsami banza. Mu da muke aikin namun daji, da mun ga ɗan giwa ba uwa ba garke, abin da muke fara tambaya shi ne ina gawar uwar take. A Sri Lanka, tsibirin da ke kudu da Indiya, hanyoyin maraicin sanannu ne. Akwai manyan rijiyoyin ban-ruwa masu faɗin baki da ba a yi musu katanga ba, da magudanan siminti masu santsi. Ɗan giwa ya faɗa cikin dare, uwar ta kwana tana zagaye tana kuka, gari ya waye mutane su taru, dole ta ja da baya. In an yi sa'a ma'aikatan namun daji su kawo motar haƙa su sassabe gefe ya hau ya bi garkensa, in ba a yi ba ya zama maraya uwarsa na raye. Akwai harbi. Akwai wayar da wasu ke jonawa kai-tsaye da wutar gida su zagaye gona, wadda take kashewa nan take. Akwai jirgin ƙasa: a Fabrairun 2025 wani jirgin fasinja ya afka wa garke kusa da garin Habarana, aƙalla giwa shida suka mutu. Sai kuma wadda ta fi ci mini rai, wata nakiyar gida da suke kira hakka patas. Akan cusa ta cikin kabewa ko wani abin ci don aladen daji, duk dabbar da ta tauna sai ta fashe mata a baki. Ƙananan giwaye, da yake komai suka gani sai sun kai baki, suna cikin waɗanda ta fi kamawa. Muƙamuƙi ya tarwatse, harshe ya yage, dabba ta yi kwanaki ba ci ba sha har rai ya yi halinsa.

Marayan da ya tsira daga irin wannan zai bi duk wanda ya tsaya masa, mutum ne ko garken shanu. Zai jingina da shi, ya tsotsi yatsunsa, ya yi ihu in ya ba shi baya. Wannan ita ce abotar da yaranki suka gani, kuma da gaske take, amma tushenta firgici ne da yunwa. Yaro shi kaɗai kuwa ba zai iya raya shi ba ko da ya fi kowa sonsa. Jaririn giwa yana buƙatar madara kusan duk bayan sa'a uku, dare da rana, kuma nonon saniya ba ya karɓarsa, gudawa yake sa shi har ta kashe shi. A Kenya, marigayiya Daphne Sheldrick ta yi shekaru da yawa tana gwaji kafin ta dace da haɗin madarar jarirai da man kwakwa da yake riƙe jariran giwa. Ayaba da rake kayan marmari ne ga wanda ya riga ya tasa.

Inda fim ya yi gaskiya shi ne wajen hankalin dabbar da zuciyarta. Ƙwaƙwalwar giwa ta kai wajen kilo biyar. A 2005, a gidan namun daji na Bronx da ke Amurka, an yi wa wata giwar Asiya mai suna Happy farar alama a gefen goshi, aka kafa mata ƙaton madubi. Ta dubi madubin, ta riƙa kai hanci tana taɓa alamar a jikinta. Wato ta gane cewa kanta take gani, abin da dabbobi ƙalilan ne suke iyawa. A Tailan masu bincike sun lura cewa idan ɗaya ta firgita, 'yan'uwanta sukan matso su yi wata 'yar ƙara mai taushi, su sa mata bakin hanci a baki, lallashi dai sosai. Suna kiran juna da wani gurnani mai zurfin da kunnen mutum ba ya kamawa, yana tafiya nesa cikin daji. An sha ganin uwa ɗauke da gawar ɗanta kwana da kwanaki ta ƙi ajiyewa. Kuma suna shaida mutumin da ya rene su ta wari da murya bayan an daɗe da rabuwa. Duk wannan ki gaya wa babban naki da ƙarfin gwiwa. Abu ɗaya kawai za ki gyara masa: hawayen da kyamara take matsowa ta nuna a kuncin giwa ba shaidar kuka ba ne. Idonta ba shi da 'yar hanyar da ke janye ruwan ido zuwa hanci irin tamu, shi ya sa yake gangarowa ko tana cikin daɗi ko tana cikin wuya. Damuwarta a tsayuwarta ake ganewa, da ƙin cin abinci, da yadda take ware kanta.

Shi kuwa labarin yaro da giwa, mutanen Sinhala gadonsa suka yi. Su ne kusan kashi uku cikin huɗu na mutum miliyan 22 da ke tsibirin, akasarinsu mabiya addinin Buddha, kuma a labaran addininsu mahaifiyar Buddha ta yi mafarkin farar giwa kafin ta haife shi. Tsohon littafin tarihin sarakunansu, Mahavamsa, ya kawo labarin Kandula, ɗan giwar da wani masunci ya tsinta a daidai lokacin da aka haifi yarima Dutugemunu. Aka kai shi fada suka girma tare, daga baya shi ne ya ɗauki sarkin zuwa fagen yaƙi, a ƙarni na biyu kafin haihuwar Annabi Isa alaihis salam. Da wuya ki sami ɗan makaranta a can da bai san Kandula ba. A tsohon birnin Anuradhapura, babban ginin ibada na Ruwanwelisaya da wannan sarki ya gina yana zaune ne a kan dandamalin da aka zagaye da ɗaruruwan siffofin giwaye, kafaɗa da kafaɗa, kamar su ne suke ɗauke da shi. Kowace shekara kuma, a watan Yuli ko Agusta, birnin Kandy yakan yi dare goma yana jerin gwanon Esala Perahera: makaɗa, masu rawa da wuta, da gomman giwaye cikin tufafi masu aiki da ƙananan fitilu. A tsakiya babban toro mai haure yake tafe a kan farin ƙyalle da ake shimfiɗa masa, yana ɗauke da akwatin zinariya na haikalin da suke ajiye haƙorin Buddha. Toron da ya fi shahara da wannan aiki, Raja, shugaban ƙasar na lokacin, J.R. Jayewardene, ya ayyana shi a matsayin dukiyar ƙasa, da ya mutu a 1988 aka yi makoki, aka gyara fatarsa aka tsayar da shi a wani ɗaki a harabar haikalin, har yau ana zuwa kallonsa. Wani mai suna Nadungamuwa Raja, da ya mutu a Maris ɗin 2022, da ƙafa yake tafiyar kusan kilomita 90 zuwa Kandy, sojoji da bindiga suna yi masa rakiya.

Saboda haka mai shirya fim a can, in ya haɗa yaro da ɗan giwa, ya san ya taɓa jijiyar da kowa zai ji. Kuma ina ganin niyyar masu irin waɗannan fina-finai mai kyau ce. Suna son ɗan birnin Colombo da bai taɓa kwana a gona ba ya damu da dabbar ƙasarsa.

Yanzu ga abin da nake son ke ki sani, ko da ba za ki gaya wa ƙaramin ba sai ya ƙara wayo. Giwar da ta fito a fim ba ta daji ba ce, horarriya ce, kuma a bayan kyamara akwai mai kula da ita yana tsaye da doguwar sanda mai ƙugiya da suke kira henduwa. Saniya da raƙumi, dubban shekaru mutum ya yi yana zaɓen masu sanyin hali yana haɗa su barbara, har aka wayi gari ana haifarsu da sabo da mutum. Giwa ba a taɓa yi mata haka ba. Kusan kowace giwar aiki a tarihin tsibirin daga daji aka kamo ta, aka karya mata zuciya da ɗauri da yunwa da tsoro kafin ta karɓi umarni. Shi kansa Raja na Kandy, a 1925 aka kamo shi yana matashi a dazukan Eravur da ke gabashin ƙasar, kuma waɗanda suka kama shi Musulmi ne 'yan gadon wannan sana'a da ake kira Panikkar, masu zarga wa giwa igiya a ƙafa. Akwai kuma tsohuwar dabarar koro garke gaba ɗaya cikin shingen gungume. Na ƙarshe an yi shi a Panamure a 1950, inda wani toro ya ƙi miƙa wuya yana ta kare garkensa har aka harbe shi. Fushin da jama'a suka yi ne ya sa aka daina wannan kamu.

Ba na cewa duk masu kula da giwa azzalumai ne. Da yawansu sun ƙarar da rayuwarsu da dabba ɗaya, suna kai ta kogi kullum suna cuɗa ta da ɓawon kwakwa, sun san ranar da take jin daɗi da ranar da ba a matsa mata. Amma sarƙa tana nan a ƙafa. A 2019 hotunan wata tsohuwar giwa mai suna Tikiri, 'yar kimanin shekara 70, sun zagaya duniya, ƙashi da fata a ƙarƙashin tufafin biki, kuma ba ta ƙara wata biyu ba ta mutu. Mallakar giwa a can alama ce ta arziki da daraja, musamman mai haure, don masu hauren ba su da yawa: matan giwar Asiya ba su da haure mai fitowa, a Sri Lanka kuwa ko cikin mazan kaɗan ne ke da shi. A ƙidayar 2011 an sami giwa 5,879 a daji, masu haure 122 kacal. Wannan kwaɗayi ya haifar da satar 'ya'yan giwa daga daji ana yi musu takardun bogi, har a wajajen 2015 hukuma ta ƙwace gommai daga hannun masu riƙe da su. Ɗan giwa kuwa ba a ɗauke shi uwarsa tana kallo. A Agustan 2021 gwamnati ta fitar da sababbin ƙa'idoji: kowace giwar gida sai da katin shaida, likita ya duba ta duk wata shida, a ba ta wankan sa'a biyu da rabi kullum, mai jan gungume kada ta wuce sa'a huɗu, mai kula da ita kada ya sha giya a bakin aiki, ɗan da bai kai shekara biyu ba kada a sa shi aiki ko a raba shi da uwarsa. Aka kuma hana sa giwa a fim, sai fim ɗin gwamnati da likitan dabbobi yake tsaye a kansa. Masu kare dabbobi sun soki wani sashe na ƙa'idojin, suna cewa ya sauƙaƙa wa masu giwayen sata yin rajista. Amma hanin nan na fim na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Yau kwamfuta da zane suna iya fitar da giwa yadda yaro zai yi kuka ba tare da an ɗaure ta gaske ba.

Mu zo ga manoman. Sri Lanka tsibiri ne mai faɗin murabba'in kilomita 65,600 ko kusa da haka, kuma babu ƙasar Asiya da giwaye suka cunkushe a ƙaramin fili kamarta. Binciken Dakta Prithiviraj Fernando da abokan aikinsa ya nuna giwa tana yawo a kusan kashi 60 cikin 100 na ƙasar, kuma a kusan kashi 70 cikin 100 na wannan yanki akwai mutane zaune. Ma'ana yawancin giwayen maƙwabtan mutane ne, ba a cikin gandun daji suke a killace ba. Ba manomin yau ne ya tsara haka ba. Turawan Ingila, da suka mamaye tsibirin gaba ɗaya a 1815, sun sare dazukan tsaunuka suka shuka kofi, daga baya ganyen shayi, suka riƙa biyan lada ga duk wanda ya kashe giwa. Wani hafsansu, Manjo Thomas Rogers, an ce shi kaɗai ya harbe sama da 1,400 kafin aradu ta faɗa masa a 1845. Giwayen da suka rage suka tattare a busasshen yankin arewa da gabas da kudu maso gabas. Bayan 'yancin kai na 1948 kuma gwamnatoci suka juya ga wannan yankin don ciyar da ƙasa. Babban aikin ban-ruwa na kogin Mahaweli, wanda aka tsara yi cikin shekara 30, gwamnatin da ta hau a 1977 ta ce a gama cikin shida. Aka share dazuka, aka kwaso dubban iyalai marasa fili aka zaunar da su a kan hanyoyin da giwaye suka gada kaka da kakanni.

Ki sa kanki a matsayin ɗaya daga cikinsu. Yana da 'yar gonar shinkafa, ya ci bashin iri da taki. Babbar giwa tana cin kilo 150 na tsiro a rana, abin da take tattakewa kuma ya fi wanda take ci. Toro ɗaya a dare ɗaya ya isa ya share noman shekara. Don haka daga lokacin da shinkafa ta fara ɗaukar ciki har girbi, maigida a 'yar rumfa yake kwana a saman bishiya, da tocila da abubuwan fashewa masu ƙara da hukuma take rabawa, yana rera waƙoƙin gadi da suke kira pel kavi don kada barci ya sace shi. In ya yi girbi ya kai gida ma bai tsira ba, don giwa tana jin warin shinkafa da gishiri ta bango, ta ture bangon ƙasa a kan masu barci. Yara kan yi karo da ita a hanyar makaranta da sassafe. A 2019 giwa sama da 400 da mutum sama da 120 suka mutu a wannan rikici. A 2023 giwa sama da 450, mutum sama da 170. Kowane ɗaya daga mutanen nan uban wani ne ko uwar wani ko ɗan wani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba na jin daɗin fim ɗin da zai nuna wannan bawan Allah da jajayen idanu da bindiga, ya ƙi nuna daren da ya kwana a bishiya.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne an san abin da ke aiki da wanda ba ya aiki. An daɗe ana koro giwaye da ihu da harbi a sama zuwa cikin gandun daji a rufe da shingen lantarki. A koron da aka yi zuwa gandun Lunugamvehera a 2005 da 2006, mata da 'ya'ya ne suka shiga, abinci bai ishe su ba, da yawa suka rame suka mutu a jikin shinge, torayen da ke ɓarnar kuwa suka zille suka ci gaba da abinsu, sun ƙara zafin rai. An gwada ɗauke toro mai ɓarna a mota a kai shi wani daji mai nisa. Da aka sa wa irinsu abin wuya mai na'urar bin sawu, sai aka ga ba sa zama, wasu suna komowa gida, wasu suna buɗe sabuwar ɓarna a inda ba a san su ba. An kafa dubban kilomitoci na shinge, amma da yawa a kan iyakar gandun daji na hukuma aka ja su, giwa a ciki giwa a waje, toro kuwa yakan koyi turo bishiya a kan waya ko ya taka turken. Dabarar da ta nuna amfani mai sauƙi ce: a zagaye ƙauyen da kansa da shinge mai aiki da hasken rana, mai fizgar da ba ta kisa, mutanen ƙauyen su ne masu kula da shi, gonakin shinkafa kuma a kafa musu na wucin gadi lokacin noma, a cire bayan girbi, giwa ta shigo ta ci karan da ya rage. Manomi ya yi barci, ita ma ta ƙoshi. Abin da ake jira shi ne a yaɗa shi da gaske, a kuma rufe jujin shara irin na Pallakkadu a gundumar Ampara, inda giwa wajen 20 suka mutu cikin shekara takwas saboda cin leda.

Sai maganar rabuwar da ta sa ƙaramin naki kuka. A Sri Lanka gida biyu ne suka shahara da marayun giwaye, kuma bambancinsu shi ne amsar da za ki ba shi. Na Pinnawala an buɗe shi a 1975 da marayu biyar, a wata gonar kwakwa a bakin kogin Maha Oya. Ya ceci rayuka, an yi ta haihuwa a cikinsa tun 1984, har tagwaye aka samu a 2021, kuma masu yawon buɗe ido suna tururuwa kallon wankansu a kogi. Amma giwar da ta shiga Pinnawala ta shiga ke nan, ta saba da mutum, daji ya fi ƙarfinta. Na Udawalawe kuwa, wanda hukumar namun daji ta buɗe a 1995, an gina shi ne a kan ƙin sabo. Ana ba marayu madara ta mazurari da tiyo, kowa ya sha nasa ya wuce, ba shafa ba runguma. Baƙi daga nesa suke kallo a kan dandamali. Sauran yini marayun suna bakin tafki suna kiwo da junansu, manya suna jan ƙanana, har su zama garke. In sun kai wajen shekara biyar sai a sake su rukuni-rukuni cikin gandun daji, bayan an watsa musu ruwan kashin giwa don warin mutum ya gushe, wasu da abin wuya don a bi sawunsu. An fara sakin a 1998, an saki sama da 100, kuma wasu daga matan sun haihu a daji. Ma'aikacin da ya yi shekaru yana tashi tsakar dare yana dama wa maraya madara, burinsa ranar da zai gan shi ya gudu daga gare shi. A wurina wannan ya fi duk wata runguma da kyamara ta taɓa ɗauka.

Dalilin wannan tsanani kuwa shi ne ɗan giwa ba ya dawwama ƙarami. Wasan turereniya da yake yi da yaro yana wata shida, in ya yi shi yana shekara uku sai a kwashi yaro a kai asibiti. In namiji ne zai kai tan huɗu ko biyar, kuma da ya balaga, kusan kowace shekara yakan shiga wani yanayi na makonni ko watanni da ruwa mai wari yake tsiyaya daga gefen kansa, fitsari yana ɗiga, jininsa ya hau, har wanda ya rene shi yana iya kashewa. Giwar daji da ke tsoron mutum takan kauce masa. Wadda ta saba karɓar abinci a hannu ita ce take tare hanya, kamar waɗanda ke tsayar da motoci a kan titin Buttala zuwa Kataragama suna zura hanci ta taga, kuma irinsu ne suke ƙarewa da harsashi ko a ƙarƙashin babbar mota. Sabo turken wawa ne, ga mutum da dabba duka.

To ga abin da zan ba ki shawara ki yi. Ƙaramin, ki ce masa giwar tana son yaron da gaske, amma tana da dangi a daji da suke jiranta, kuma akwai mutanen da aikinsu ke nan su mayar da irinta gida. Ya isa haka. Babban kuwa ki mayar masa da tambaya: ina uwar ɗan giwar take, kuma me manomin zai ciyar da 'ya'yansa in gonar ta tafi? Ki bar shi ya yi ta juya su, kada ki yi saurin ba shi amsa. In ya nuna sha'awa, ki sa shi ya gano bambancin giwar fim ɗin da tamu ta Afirka: tasu ƙananan kunnuwa gare ta, da tudu biyu a ka, da ɗan yatsa ɗaya a bakin hanci, sau da yawa da dabbare-dabbaren fari-fari a kunne da hanci, tamu kunnuwanta manya ne, yatsu biyu, kuma mace da namiji duk suna da haure. Ki kuma gaya masa cewa abin da ya gani ba can kaɗai yake ba, manoman ƙauyukan da ke kewaye da Yankari a Jihar Bauchi su ma suna kwana da fargabar garken da ke fitowa gonakinsu. In Allah ya sa kin kai su Yankari kuka dace da ganin giwaye, ku bi umarnin jagora, kowa ya zauna cikin mota, ba ihu ba miƙa abinci, kada kuma direba ya shiga tsakanin uwa da ɗanta. In ta ɗaga kai ta baza kunnuwa tana fuskantarku, a ja da baya a hankali a ba ta hanya.